Shin yawan dukiya alamar albarka ce, talauci kuma alamar raunin bangaskiya?

Rifkatu ta rubuta:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ina roƙon a warware mini wata magana da ta hana ni sakat, wato matsayin dukiya a rayuwar mai bi. Koyarwa iri biyu nake ji, kuma kowacce tana riƙe da ayoyinta. Ta farko tana cewa nufin Allah ne kowane ɗansa ya yi arziki, talauci kuwa la'ana ce, kuma wanda ya shuka iri ta wurin ba da baiko mai tsoka zai girbi riɓi ɗari. Masu wannan koyarwa sukan karanta Malakai 3:10, da 3 Yahaya aya 2, da Markus 10:30. Ta biyu tana cewa kuɗi tarko ne, tun da Yesu da bakinsa ya ce zai fi wa raƙumi sauƙi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah.

Ni da maigidana muna fitar da ushirinmu tun da muka yi aure, amma a bana sana'arsa ta ja baya har bashi ya hau kanmu. A wani taron addu'a da na halarta an raba mana ambulan, aka ce kowa ya rubuta sunansa da bukatarsa a bayanta, sa'an nan aka shiga kiran mutane gaba bisa ga yawan abin da za su sa a ciki, daga masu yawa zuwa masu kaɗan. Na zauna a kujerata riƙe da ambulan babu kome a ciki, mai wa'azin kuma ya ce waɗanda suka zauna sun rufe wa kansu ƙofar sama. Shin halin da muke ciki hukunci ne a kan ƙarancin bangaskiyarmu? Mene ne kuma Littafi Mai Tsarki yake kira wadata ta gaskiya?

Baba Ishaku ya amsa:

'Yata Rifkatu, Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma ɗaga sana'ar maigidanki. Kafin kome, ki cire a ranki cewa zaman da kika yi ya rufe miki wata ƙofa, domin jinin Almasihu ne ya buɗe ta, rashin kuɗi kuwa ba shi da ikon rufe abin da ba kuɗi ne ya buɗe ba. Lokacin da Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya yana son sayen ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa shi da kuɗinsa su hallaka tare, tun da ya zaci ana sayen baiwar Allah. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni 8:20.

Ba na musun cewa Tsohon Alkawari yana haɗa biyayya da yalwa a wurare da dama. Ibrahim yana da dabbobi da azurfa da zinariya, kuma Maimaitawar Shari'a sura 28 ta yi wa al'ummar Isra'ila alkawarin ruwan sama da cikar rumbuna idan sun kiyaye umarnan Allah a ƙasar da ya ba su. Amma cikin wannan Tsohon Alkawarin ne aka ajiye mana littafin Ayuba, wanda nake ganin an rubuta shi ne musamman domin irin tambayarki. Ayuba ya rasa tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'yansa goma, abokansa uku kuma suka zauna a gabansa suna nanata masa cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, domin a lissafinsu adali ba ya tsiyacewa. A ƙarshen littafin, cikin sura 42 aya 7, Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu saboda ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Wato mutanen da suka auna bangaskiya da yawan abin hannu su ne aka tsauta wa, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Asaf ma ya faɗa a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba suna tara dukiya, shi kuwa mai tsabtar zuciya yana shan wahala kowace safiya.

Game da ayoyin da kika ambata, 3 Yahaya aya 2 gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa zuwa ga wani mutum mai suna Gayus, inda marubucin yake masa fatan lafiyar jiki da tafiyar al'amura daidai kamar yadda ransa yake lafiya. Fatan alheri ne mai kyau, amma ba alkawari ne ga kowane mai bi cewa zai yi kuɗi ba. Markus 10:30 kuwa ki karanta ta har ƙarshe, za ki tarar riɓi ɗarin ya haɗa da 'yan'uwa da iyaye mata da 'ya'ya, kuma Yesu ya ƙara da cewa tare da tsanani. Babu mai samun iyaye mata ɗari ta wurin haihuwa, sai dai ta wurin shiga iyalin ikkilisiya, inda gidajen masu bi suke buɗe wa wanda aka kora daga nasa gida saboda bishara. Da wuya ki ji mai raba ambulan ya karanta kalmar tsanani ɗin.

Ki duba kuma gidan da Ubangijinmu ya tashi a ciki. Da Maryamu da Yusufu suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, wanda shi ne hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Bulus ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi cikin abubuwan da ya sha a hidimarsa, kuma yana cikin kurkuku ne ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci ko cikin yalwa ko cikin rashi. Ayar nan da ake yawan maimaitawa, cewa zai iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi, a kan wannan take magana. A Wahayin Yahaya kuma, Ubangiji ya ce wa ikkilisiyar Simirna ya san talaucinta amma ita mai arziki ce, ya kuma ce wa ta Lawudikiya, mai taƙama cewa ba ta bukatar kome, ita ce matalauciya, makauniya, mai tsiraici. Lawudikiya birni ne mai kuɗi ƙwarai, har da girgizar ƙasa ta rushe shi a wajen shekara ta 60 mutanensa suka sāke gina shi da dukiyarsu ba tare da taimakon Roma ba. Da a ce yawan dukiya shi ne ma'aunin yardar Allah, da waɗannan wasiƙu biyu sun sauya wuri.

Dauda ya amsa:

Baba, na karɓi dukan abin da ka faɗa da hannu biyu, sai dai ina jin tsoron kada garin gudun wannan kuskure mu faɗa cikin wancan, har mu mai da talauci wata irin ibada. Ni ɗan kasuwa ne, akwai mutanen da suke aiki a ƙarƙashina, kuma na ga abin da rashi yake yi wa gida: yaro mai ƙwaƙwalwa ya bar makaranta, mara lafiya ya kwanta babu magani, miji da mata su yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Babu wani tsarki a cikin wannan. Agur da kansa, a Karin Magana 30:8-9, ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci ko dukiya, domin ya san ƙoshi yakan sa mutum ya manta da Ubangiji, rashi kuma yakan kai shi ga sata.

Abin da Bulus ya kira tushen kowace irin mugunta a 1 Timoti 6:10 shi ne son kuɗi, kuma wannan ciwo yana kama mai shi da mara shi, kamar yadda ake cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. A cikin wannan surar, aya 17 zuwa 19, bai ce wa Timoti ya umarci masu arziki su tsiyata kansu ba, ya ce ne kada su yi girman kai, kada su dogara ga dukiya marar tabbas, su zama masu yalwar ayyuka nagari da sakin hannu. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ce ta sauki Bulus da abokansa a gidanta a Filibi. Yuwana matar Kuza, wakilin Hirudus, da Suzana suna cikin matan da suka ɗauki nauyin hidimar Yesu da dukiyarsu, kuma Yusufu na Arimatiya, mai arziki, shi ne ya ba da sabon kabarinsa. Gaskiya ne Yesu ya ce wa saurayin nan mai dukiya ya sayar da kome, domin ya ga abin da ya ɗaure masa zuciya, amma da Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa wanda ya zalunta riɓi huɗu, Yesu ya ce ceto ya shigo gidan a ranar, bai kuwa nemi sauran rabin ba.

A nawa ganin, karimcin mai dukiya yana farawa ne tun kafin ya kai ga kwanon baiko, wato a wurin biyan haƙƙin ma'aikaci da gaskiyar ma'auni. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka har kukan ya kai kunnen Ubangiji. Mutumin da ma'aikatansa suke bin sa albashin wata da watanni, sa'an nan ya tashi a gaban taro ya yi alkawarin gudummawa mai yawa ana tafa masa, da kuɗin wasu yake kyauta. John Wesley, mai wa'azin Ingila da ya rayu daga 1703 zuwa 1791, ya koya wa mabiyansa su samu iyakar abin da za su iya ta hanyar halal, su yi tattali iyakar iyawarsu, sa'an nan su bayar iyakar iyawarsu, kuma ina ganin ba a raba ukun.

Amma ina da tambaya a kan abu ɗaya. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 9:6 mai shuka da ƙwauro zai girba da ƙwauro, mai shuka a yalwace zai girba a yalwace. Idan haka ne, ina kuskuren masu cewa bayarwa tana jawo samu?

Malama Saratu ta amsa:

Ɗan'uwa Dauda, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin surorin nan biyu, 8 da 9, idan an karanta su a haɗe. Kuɗin da Bulus yake magana a kai gudummawa ce da yake tarawa daga ikkilisiyoyin al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, domin matalautan masu bi da ke Urushalima, ba domin kansa ko hidimarsa ba. Ya kafa misali da ikkilisiyoyin Makidoniya, waɗanda ya ce suna cikin matsanancin talauci amma suka roƙe shi ya bar su su sa hannu, kuma babu inda ya ce daga baya sun zama attajirai. Da ya zo bayanin girbin, a aya 8 zuwa 11 ta sura 9, ya ce Allah zai ba su abin da ya ishe su domin su yalwata cikin kowane kyakkyawan aiki, zai riɓaɓɓanya irin shukarsu, ya wadata su domin su ƙara bayarwa. Wato abin da yake dawowa hannun mai bayarwa iri ne na sāke shukawa. Na yarda Allah yakan sa wa mai sakin hannu albarka, har ta fuskar abin duniya a wasu lokuta, amma da zarar mutum ya bayar domin a ninka masa, ya daina kyauta ya koma zuba jari, ya kuma mai da Allah abokin ciniki.

Akwai abubuwa biyu a waɗannan surori da nake so 'yar'uwa Rifkatu ta riƙe. A sura 8 aya 12 zuwa 14, Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa ba ne a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa wasu, sai dai a samu daidaito. A sura 9 aya 7 kuma ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Kiran mutane gaba bisa ga adadi tilas ne da aka yi da kunyatarwa, kuma ya saɓa wa Matiyu 6:3, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Bulus ma bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai da ya haɗa da Titus da wasu 'yan'uwa da ikkilisiyoyi suka amince da su, domin kada kowa ya sami abin zargi. Saboda haka mai bayarwa yana da ikon tambayar inda kuɗin yake zuwa da wanda yake duba lissafinsa.

Ina cikin masu ƙirga baiko a ikkilisiyarmu, kuma kusan kowace Lahadi nakan ci karo da takardar kuɗi mafi ƙanƙanta, an ninke ta sau da yawa har sai an yi a hankali wajen warware ta, da alamar ta daɗe a damƙe cikin tafin hannu. Ban san masu sa su ba, amma sukan tuna mini da gwauruwar da ta zuba anini biyu a Markus 12:41-44. Sai dai a lura da ayar da ta zo kafin labarinta, inda Yesu ya la'anci malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Yabon da ya yi wa matar ba izini ne ga shugabanni su tatse irinta ba. Haka ma Malakai sura 3, wadda ake karanta aya 10, mai maganar kawo ushiri, a bar aya 5, inda Allah ya ce zai hukunta masu zaluntar ma'aikaci da gwauruwa da maraya. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29, zakkar shekara ta uku ta Balawe ce da baƙo da maraya da gwauruwa, wato matalauci yana cikin masu cin moriyarta.

Ikkilisiyar farko ta fahimci haka. A wajen shekara ta 251, Bishof Karniliyas na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyar birnin tana ɗaukar nauyin gwauraye da mabukata fiye da 1,500, a zamanin da ake tsananta wa masu bi. A shekara ta 362, Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar addinin Kirista ya koma bautar gumaka, ya koka a wata wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da nasu matalauta har da na masu bautar gumaka. Basil kuma, wani shugaban ikkilisiya a birnin Kaisariya, lokacin yunwar da ta auka wa Kafadokiya a wajen 368, ya sayar da dukiyar da ya gāda ya ciyar da jama'a, daga baya ya gina wurin kula da marasa lafiya da matalauta a bayan birnin. A zamaninmu, babban taron Lausanne na uku, wato taron shugabannin Kirista masu shelar bishara daga ƙasashen duniya, da aka yi a Cape Town a 2010, ya tabbatar cewa Allah yana sa albarka yana kuma amsa addu'a, amma ya ƙi koyarwar da ke cewa ana samun dukiya da lafiya ta wurin shuka kuɗi.

Rifkatu ta sāke rubutawa:

Baba, Yaya Dauda da Malama, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Yanzu da ake bin mu bashi, shin mu ci gaba da fitar da ushiri cikakke, ko mu fara biyan mai binmu? Maigidana yana jin tsoron kada ya zama mai yi wa Allah fashi.

Baba Ishaku ya sāke amsawa:

'Yata, masu bi na ƙwarai sun sha bamban a kan ko ushiri doka ce a Sabon Alkawari ko kuwa kyakkyawan ma'auni ne na farawa, kuma ba zan ɗaure lamirinku da nawa ra'ayi ba. Abin da yake a fili shi ne kuɗin da ake bin ku ba naku ba ne. Romawa 13:7-8 ta ce a ba kowa haƙƙinsa, Zabura 37:21 kuma ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Da matar wani daga cikin annabawa ta kawo wa Elisha kuka cewa mai bin mijinta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu, bai ce ta kawo masa ɗan man da ya rage mata ba. Bayan Allah ya cika tuluna, cewa ya yi ta sayar da man ta biya bashin, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran, kamar yadda yake a 2 Sarakuna 4:1-7. Yesu kuma ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah, a Markus 7:9-13.

Shawarata ita ce ku zauna ku biyu ku rubuta abin da yake shigowa da abin da ake bin ku, ku je wurin mai bashin ku daidaita yadda za ku riƙa biya, ku kuma cika abin da kuka faɗa masa. Kada ku daina bayarwa gaba ɗaya, domin hannun da ya saba rufewa yana da wuyar buɗewa, amma ku ƙudura adadin da za ku iya ba tare da kun ci sabon bashi ko kun tauye haƙƙin kowa ba, ku ƙara shi idan hali ya samu. Ku kuma sanar da fastonku ko ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya halin da kuke ciki, domin wataƙila a wannan lokaci ku ne ya kamata a taimaka wa. Ki ce wa maigidanki ya karanta 2 Korantiyawa 8:12 da kansa kafin ku yi lissafin.